Unguwannin da ke Cikin Kan Mutum, Yadda Na Gan Su a Guangzhou

Ana kiran assalatu muka bar Rano, ni da ƙanina, ko kunu ban iya kurɓa ba saboda fargaba. Ku da kuka san ni kun san ba ni da yawo. In ba biki ko rasuwa ba, sai in yi wata ban taka ƙofar gida ba. To yau ga ni da fasfo a jaka, wai za ni ƙasar Sin. Maƙwabciyata da ta rako ni bakin mota cewa ta yi, "Wallahi sai na ga hotonki a can zan yarda."

Bari in faɗa muku dalili tun da wuri, kar ku zaci fatauci na fara da tsufana. Ɗana na fari ya daɗe a Guangzhou, yana saya wa 'yan kasuwar Kano takalma yana ɗora musu a jirgin ruwa. Na ce ɗana, amma a gidanmu ba a faɗar haka. Tun da aka yaye shi babbar yayarmu ta ɗauke shi. Ita yake kira Umma, ni kuwa Inna. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba ma hira, iyakarmu gaisuwa, shi kansa a ƙasa ni idona a wani wajen. Haka muka tarar iyayenmu suna yi da ɗan fari, kuma ba don rashin so ba. Ɗan Yaya nake ce masa.

Bara Allah ya yi wa Yaya rasuwa. A lokacin fasfonsa yana hannun hukumar can ana sabunta masa izinin zama, bai samu zuwa ba. Bayan 'yan watanni ina tankaɗe a tsakar gida ƙannensa suka kunna saƙon muryarsa. Maganar lafiya lau ce, yana nan ƙalau, a gaida kowa. Amma muryar ba gishiri, ba hawa ba sauka, kamar an wanke ta an shanya. Na ajiye rariya na ce a kira mini kawunsu. Shi ma ashe yana da labari. 'Yan kasuwa sun fara ƙorafi, ba ya ɗaga waya, kaya na zaune a sito. Da ma ƙanin nawa yakan je saro takalma, na ce wannan karon da ni. Ya yi ta dariya har ya lura ni ban yi ba.

Ba zan cika ku da labarin jirgi ba, don da yawanku kun riga ni hawa. Abin da kawai zan ce, da ya ɗaga sama na karanta duk abin da na haddace a Islamiyya, har na koma farko. Mun sauka a Habasha muka sake wani. 'Yan kasuwar Kano kuwa ko a jikinsu, sun lulluɓa suna minshari kamar a ɗakin matansu. Lokacin salla ya rikice mini sarai, rana ta fito a lokacin da jikina ke cewa ban gama barci ba.

Da muka fito daga filin jirgi wani ɗumi ya rufe ni, irin na tukunyar da aka buɗe. Zafinsu mai ruwa ne, kina tsaye zufa na bin bayanki. Sai hanyoyi. Jama'a, hanya a kan hanya, a kanta kuma wata, kowace da inda ta nufa, an dasa furanni a gefensu can sama inda ko akuya ba za ta kai ba. A ƙarƙashin ƙasa kuma jirgi ne ke gudu da mutane. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kunnena. Gari mai wannan girma, amma baburansu ba sa ƙara, na lantarki ne. Sau biyu ƙanina na fizgo ni daga gabansu, yana cewa, "Nan fa da ido ake tsallaka titi, ba da kunne ba." Ba mai riƙe kuɗi a hannu. Har tsohuwa mai sayar da ayaba ta rataya wani ɗan zane, a haska da waya a wuce. Na fara tambayar nawa ne kaza a kuɗinmu, da na ji farashin kwanon tuwo sai ƙanina ya hana ni, ya ce in na ci gaba azumi zan yi har mu koma.

Masaukinmu a unguwar Xiaobei yake, kusa da dogon benen nan na Tianxiu inda mutanenmu ke da shaguna da ofisoshin aika kaya. Nan hankalina ya ɗan kwanta, don Hausa ce ke tashi ta ko'ina, ta Kano, ta Maraɗi, har irin ta mutanen Gana mai santsi. Sun cuɗa ta da yaren gari. Mai shago lawban suke ce masa, in za su ce babu kuwa sai su ce meyo. Na ji wani Bakano yana ce wa abokinsa, "Yau aljihun meyo ne," na yi dariya ni kaɗai.

A ranar muka je ɗakin ɗan Yaya. Labule a rufe da rana tsaka, kwalayen samfur sun kai rufi, kowane da takalmi ƙafa ɗaya. Ya buɗe ƙofa, ya gan ni, ya tsaya kamar wanda aka kwaɗa wa sanda, sannan ya durƙusa. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu.

"Inna, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau."

Iyakarta ke nan. Na keto duniya na zo, na tsaya ina kallon bango. Kawunsa ne ya yi ta faɗa, shi kuwa yana ta cewa to, to.

Washegari kawun ya ja shi zuwa kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa, na bi su. Benaye ne cike da takalma daga ƙasa har sama, har na ce anya ƙafafun duniya sun kai yawan nan? Wata 'yar Sin mai shago tana ganinsa ta taso da sauri, tana ta magana tana nuna kumatunta, alamar ya rame, ta zuba mana shayi a wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna. Ya amsa mata da yarensu. Na saki baki ina kallonsa. Abin da na haifa ne ke wannan yare. Amma ko a yaren da ban sani ba na ji muryar nan a shanye take.

Abinci a wajen wata mata 'yar Maraɗi muke ci, tana dafawa a gidanta a hawa na sama, kuka da daddawa duk daga gida ake kawo mata. Mun saba nan da nan, don ita ma bakinta ba ya hutawa. Rannan ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Zamna, 'yar'uwa. Ɗiyata ta ce in gaya miki wani abu."

Ashe 'yarta tana babban karatu a wata jami'a a garin, a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ɗan Yaya ya samu yarinyar da tambaya a kan wata irin laimar kwaɗi mai sa mutum gane-gane. Ya karanta a waya cewa Turawa na gwada sinadarinta a kan masu ciwon damuwa, kuma wani da bai taɓa gani ba ya yi masa alkawarin aiko masa ita a ɓoye. Da na gaya wa ƙanina sai ya zauna a ƙasa. Ya ce ƙasar nan ba ta wasa da maganar kayan maye, ɗan kaɗan ya isa a rufe mutum, mai safara kuwa har ransa. Ya miƙe zai je ya balbale shi da faɗa, matar ta tare ƙofa da ludayi a hannu.

"Alhaji, faɗan da ka yi tun zuwanku mi ya gyara? Ɗiyar ta ce ku taho makarantarsu duka, ya gani da idonai."

Haka muka tafi mu uku a jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito a ɗaya gefen kogin da ya raba garin. Yarinyar ta tarbe mu da farar riga a kan abayarta, 'yar siririya mai fara'a. Ta fara nuna mana ta cikin gilashi wani inji mai rami kamar bakin tanderu, an zura wani mutum a ciki yana kwance. Ƙarar injin kamar ana daka a turame da yawa. Ta ce ba yanka ba allura, injin yana bin yadda jini ke kai-kawo a ƙwaƙwalwa, ya nuna wane sashe ne ke aiki tare da wane. Sannan ta kai mu wani ɗaki mai ƙaton allo, ta kunna.

'Yan'uwa, na ga ƙwaƙwalwar mutum tana juyawa a hankali, da launuka a jikinta suna haske suna lafawa. Na ce subhanallahi ban san na faɗa da ƙarfi ba.

Ta ce, "Mama, ki ɗauka gari ne mai unguwanni." Ga unguwar gani, ga ta ji, ga ta motsa jiki, ga mai kula da abin da mutum ya sa a gaba. Kowace da launinta. Ta ce 'yan unguwa ɗaya ba lallai gidajensu na jere ba, wani na goshi wani na ƙeya, amma tare suke tashi tare suke kwanciya, da haka ake gane su. Sun fi magana a tsakaninsu, da sauran unguwanni sai gaisuwa da aike. Sai ta nuna wata ja. Ta ce wannan ita ke farkawa in mutum ya zauna ba ya komai, ita ke zancen ni, ni, abin da na yi jiya, abin da zai same ni gobe. Kowa na da ita kuma tana da amfani. Amma a wajen masu ciwon damuwa da yawa sai ta kulle ƙofa tana nanata magana ɗaya, ba ta jin sallamar kowa.

Na saci kallon ɗan Yaya. Ya matso gaba a kujerarsa.

Ta ce ita ba ta taɓa riƙe maganin laimar kwaɗin ba, a nan haramun ne a doka. Hotunan daga masu bincike na wasu ƙasashe suke, inda aka ba mutane shi a asibiti da izini, ita nazarinsu take yi. Ta danna wani abu ta ce ga kan mutum ɗaya kafin a ba shi, ga shi kuma bayan an ba shi.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na farko kamar gari da hantsi, kowa na harkarsa. Na biyu kamar an ɗauke katangun garin gaba ɗaya. Zare-zare suka fito daga ko'ina zuwa ko'ina, launuka suka shiga juna. Unguwar gani tana magana da ta ji, shi ya sa wasu ke cewa suna ganin launin sauti. Jar unguwar nan kuwa ta watse, 'yan cikinta sun daina tashi tare, kowa ya kama hira da baƙi. Ta ce a nan ne mutum ke jin kamar iyakar da ke tsakaninsa da duniya ta narke. Wasu su ji wata natsuwa da ba su taɓa ji ba, wasu kuma su ji tsoron da ya fi na mutuwa. Bayan sa'o'i katangu su dawo, amma ana ganin wani ɗan sassauci yakan saura na wani lokaci, kuma shi masu bincike ke son sanin ko zai ba mai damuwa damar fita daga maganar da yake nanatawa.

Kawun ya ce, "To ai ga magani nan, 'yata."

Ta girgiza kai. "Baba, har yanzu gwaji ne. Ana auna shi daidai, ana tace wanda za a ba. Wanda za a aiko a kwali ba ka san mi ke ciki ba." Ta juyo gare ni. "Mama, akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali a danginku? Irin waɗannan ba a sa su ko a gwajin, don katangun kan iya faɗuwa su ƙi tashi."

Ƙanina ya taka mini ƙafa. Kun san irin wannan ba a faɗa, aure yake hanawa. Na janye ƙafata na ce akwai, baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya yi shekaru a ɗaki ana tsaronsa. Ɗan Yaya ya ɗago ya dube ni ido cikin ido. Bai taɓa ji ba, kuma bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

Yarinyar ta ƙara wani abu da ya zauna mini. Ta ce a wajen gwajin ba a miƙa wa mutum magani a tafi. Akwai masu zama da shi tun daga farko har ya dawo hayyacinsa, su riƙe masa hannu in ya firgita, su saurare shi kafin nan da bayan nan. Har masanan na gardama a kan nawa ne aikin maganin, nawa ne na zaman. Ɗan Yaya ya yi magana can ƙasa-ƙasa, ba da kowa yake ba. Su ba su ji ba, ni na ji. Cewa ya yi, "Umma ce mai zama."

Da za mu koma, yarinyar ta ce mu hau jirgin ruwa mu tsallaka, ya fi arha kuma za mu sha iska. La'asar ta yi sanyi. Ruwan faɗi gare shi, ga gadoji, ga wata hasumiya mai siririn ƙugu ta soki gajimare. Kawun ya tafi gaba yana ɗaukar hoto. Ɗan Yaya ya zauna a benci shi kaɗai. Na daɗe a tsaye ina riƙe da ƙarfe. Abin da nake tunawa shi ne, lokacin rasuwar gidan ya cika da masu yi mini gaisuwa, shi kuwa ƙanwarsa na aika ta ce masa ya yi haƙuri, yadda aka saba. Na je na zauna a bencin, na bar tazarar mutum ɗaya tsakaninmu, ina kallon ruwa.

Na ce, "Ya haƙurin Ummanka?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ka yi rashin uwa. Allah ya ba ka dangana."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi kuka irin na manya, mara sauti, 'yan Sin da ke kusa suka kau da kai don kara. Da ya samu numfashi ya ce, "Inna, kowa na faɗa wa sai ya ce, au, yayar mahaifiyarka ce? Allah ya jiƙanta. Kayan nan sun tashi?" Ya ce kullum in ya rufe ido abu ɗaya yake ji, ta goya shi ta yi masa komai, bai ɗauki makararta ba. Na ce masa har ranar ƙarshe da hotonsa take nuna wa masu dubiya, tana cewa yana can yana jin yaren Sin. Jirgin ya iso gaɓa bai gama ba, muka ƙi sauka, muka koma da shi muka sake dawowa, kawun yana ta mita daga nesa amma bai matso ba.

A gaban kawunsa ya goge lambar mutumin nan da ya yi masa alkawarin laimar kwaɗi. Yarinyar ta haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a asibitin da suke aiki, ta raka mu. Likitan ya tabbatar ciwon damuwa ne, ya ba shi magani na halal irin wanda ake sha kullum, ya ce ba ya aiki dare ɗaya, kuma a nemi likita a gida ya ci gaba da ganinsa.

Ranar Juma'a muka je masallacin Huaisheng. Tsoho ne ƙwarai, da farar hasumiya sumul a tsakiyar benaye, ga dattawan Sin da fararen huluna suna amsa sallama. Na yi ta mamakin inda addinin nan ya kai. Bayan an idar, ƙanina ya tara mutanenmu a bakin ƙofa ya ce musu, "Mahaifiyar yaron nan ce ta rasu bara, wadda ta raine shi." Suka yi cirko-cirko, sannan suka jeru suna ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye a gefe da raina ana ta Allah ya jiƙan mahaifiyarsa, ina cewa amin har cikin zuciyata.

Ya miƙa harkar kayan ga wani abokinsa ya biyo mu. Da muka sauka Kano, shi da kawun maƙabarta suka wuce kai tsaye, ni na yi gida. Washegari aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan Yaya. Shekara ta zagayo da rasuwar, amma tsofaffin unguwa suka fito suka zauna da shi kamar jiya aka yi.

Kuna ta tambayata me na gani a Sin. Na ga hanya a kan hanya, na ga takalman da suka fi ƙafafu yawa, amma duk ba su kai abin da na gani a allon nan ba. Ashe kowane kai da muke ɗora wa tulu gari ne guda, da unguwanninsa da katangunsa, Allah ya tsara shi ba wanda ya taya shi. Na koyi cewa katangun rahama ne, wanda ya rushe su ba da sani ba zai iya rasa gidan gaba ɗaya. Na kuma koyi cewa akwai unguwar da in ta kulle kanta, aike ba ya isar mata, sai an taka an je.

Ban ce ya warke ba. Akwai ranakun da labule ke rufe har azahar. Yana shan maganinsa, yana ganin likita a Kano. In ranar ta zo nakan saka mayafi in bi shi, in zauna a bencin waje har ya fito. Ba ma wata doguwar magana a mota. Amma tazarar mutum ɗayan nan, yanzu jakata ce kawai a wajen.